Allon Auta Yana Ɗingishi

Daga Auta zuwa ga yayanta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka, kuma ƙurar simintin da ka ce tana sa ka tari ta yi sauƙi. Mu nan lafiya lau. Baba yana nan yadda ka san shi, yana cin abincinsa yana faɗansa. Maigidana Malam da yara suna gaishe ka. Na so in kira ka, amma tunda ka ce a wurin ginin naku sai mutum ya hau kan tankin ruwa kafin waya ta shiga, gara in ba direbanku takarda, kada in zama sanadin karyewar ƙafarka.

Na tashi daga tsohon shagon ɗinki, mai ginin zai rushe shi. Wanda na samu ya fi faɗi, har da taga, sai dai yana can cikin lungu, bayan mai gyaran agogo. Wanda yake tafiya a bakin titi ba zai taɓa sanin akwai tela a ciki ba. Sati biyu ke nan ina zaune, ni da keke muna kallon juna. Wata tsohuwa mai kawo mini gyara ta ce sau uku tana wuce bakin lungun tana nemana, har ta ɗauka na bar sana'ar.

Shi ne na ce ina son allon talla irin mai fuska biyun nan, wanda ake buɗe ƙafafunsa a tsayar a gefen titi da safe, da yamma a rufe a shigo da shi. Na yi niyyar kai aikin wani wuri, sai Baba ya ji. Ka san sauran. Ya ce yana raye 'yarsa za ta kai aikin katako wajen wani? Washegari ya sa aka buɗe rumfarsa da ta yi wata takwas a rufe, aka share.

Malam yana zuwa kullum in ya tashi daga makaranta, ya cire rigar koyarwa ya shiga rumfar, su yi ta yi har la'asar sakaliya. Ban taɓa zaton mai koyar da lissafi zai so ƙurar katako haka ba. Jiya na leƙa na tarar an sauko da gwangwanin hinjin Baba, ƙarafunan nan da ƙofa take buɗewa a kansu, an zazzage a kan benci, su biyu suna tsinta. Baba ya nuna wani ya ce daga kabad ɗin wani alƙali ya cire shi, ya nuna wani ya ce wannan ya girmi Malam. Dariyar Baba har bakin ƙofa ake ji.

Kai da kake rataya ƙofofi kullum, me ka gani? Kada allon ya yi nauyi, don ni zan riƙa ɗaukarsa, kuma iska tana bin bakin lungun nan kamar an koro ta. Baba ya ce a gaishe ka. Bai sa layinsa a ƙasa ba wannan karon, ya ce ya gaji.

Ƙanwarka,
Auta

Daga Yaya zuwa ga Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na ji daɗin jin lafiyarku. Tarin ya tafi. Ki gaida yara, ki gaida Baba da kyau, ki gaida mijinki Mai Alli.

Sau uku na karanta takardar, kuma duk ukun a wuri ɗaya nake tsayawa. Gwangwanin hinji? Wanda yake kan katakon sama, bayan fitila? Ke kin yi ƙanƙanta ki tuna. Shekara goma sha ɗaya na yi a rumfar nan. Na yi shara, na yi guga da samfefa har zanen yatsuna ya ɓace, na yanka, na haɗa, na yi fenti. Amma ranar da za a sa hinji, ko a ƙofa ko a akwati, sai Baba ya ce in matsa. Ya ce kowa yana iya haɗa katako, amma abin da zai yi shekara talatin yana buɗewa yana rufewa, wannan aikin mai rumfa ne. Sau ɗaya na sa hannu a gwangwanin nan, don in gani kawai, ya bi ni da wani kallo da har yau in na tuna sai na gyara zama. Na bar gida ban taɓa ɗaura hinji ɗaya a gabansa ba. A ginin nan da muke yi na rataya ƙofa ta haura ɗari uku, injiniya ba ya ma duba aikina, amma Baba bai taɓa ganin ko ɗaya ba.

Sai ga mutumin da bai san bambancin ƙusa da sukuru ba, sati ɗaya da shigarsa an zazzage masa gwangwani ana dariya. Ba zan ɓoye miki ba, abin ya yi mini ciwo. Ba ni da komai da mijinki, mutumin kirki ne, amma hannunsa na alli ne. Ni ban taɓa jin Baba yana dariya a cikin rumfar nan ba. Kuma layin da yake sa mini a ƙasan kowace takarda, "ka riƙe aikinka da kyau", kalma biyar kacal, shi ne yau ya gagara saboda gajiya? Gajiyar hira da suruki, ko?

To, tunda kin tambaya. Firam biyu za a yi da katako marar nauyi, a sa filawud siriri a tsakiyar kowanne. Hinjin a jikin katakon sama zai zauna, ba a jikin filawud ba, don sukuru ba ya kama gefen filawud. Hinji biyu sun isa, amma su zauna a layi ɗaya cif, in ɗaya ya sauka ko da kaurin farce ne allon zai murɗe. In na tagulla ne a nemo sukuru na tagulla, na baƙin ƙarfe zai yi tsatsa ya zubo wa rubutunki. Tsakanin ƙafafun a sa sarƙa, ba igiya ba, a ɗaure ta da noti da washa. A sa mariƙi a sama. Ƙasan ƙafafun a shafe su da fenti sosai don kada su tsotsi ruwa.

Ko kuma abin da ya fi, ku jira ni. Saura wata uku a ba mu hutu. Ki jingina kwali a kan kujera kafin nan. In na zo, ni da Baba mu gama shi a wuni ɗaya. In kuma an ƙi jirana, a aiko mini da zanen in gani.

Yayanki

Daga Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, ina yi maka fatan alheri. Kowa lafiya, sai ƙaramar da ta yi zazzaɓin haƙori, ta kuma warware.

Wata uku, Yaya? Kafin nan gizo-gizo ya yi gida a kan kekena. Kwalin ma na gwada tun kafin ka faɗa, iska ta ɗauke shi ta kai wa mai facin taya, shi ne ya dawo mini da shi yana tambaya ko ina ɗinke taya.

An gama allo. Kore ne da farin rubutu, ga hoton almakashi a sama, ga kibiya tana nuna lungu. Ranar da aka fara tsayar da shi mutum shida suka shigo, biyu ma ban taɓa ganinsu ba. Malam ne ya ɗauko shi a kafaɗa tun daga gida, yana sanye da tsohuwar rigar aikin Baba mai aljihu huɗu, har da fensir a bayan kunne. Baba yana biye da shi, hannu a aljihu. Mai gyaran agogo ya fito ya ce, "Lallai Baba, ka samu magaji." Baba murmushi kawai ya yi.

Na karanta masa shawarwarinka. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ya iya magana." Ban sani ba ko yabo ne, kai ka fi ni sanin harshensa. An ɗauki wasu an bar wasu.

Ba zan ce allon ba shi da aibi ba. Yana ɗan ɗingishi, ƙafa ɗaya ba ta kai ƙasa sosai, sai na cusa mata kwali. In an buɗe shi kuma yana ƙara kamar ana yi masa dole. Amma yana tsaye, yana kawo mini mutane, ni ya ishe ni.

Ga zanen da aka yi aiki da shi, da hoto uku da na sa aka wanke. Na yi ta jinkirin sa su a ambulan, sai na ga in ban aiko ba za ka ce an ware ka. Ka duba da idon rahama don Allah, ba da idon injiniya ba.

Kuma Yaya, da furfurarka a gemu kake kishi da Malam? Kunya ma ta hana ni gaya masa.

Auta

Daga Yaya

Auta,

Na samu saƙo. Allah ya ƙara wa ƙaramar lafiya, ya sa albarka a shago. Ni ma lafiya nake.

Magaji. To, madalla. Rigar nan mai aljihu huɗu ni nake wanke ta duk ƙarshen mako shekara da shekaru, ban taɓa zura ta a jikina ba. Kin ce kishi nake. E, kishi nake, na faɗa, ki je ki gaya masa. Ni ne na yi ƙuruciyata ina riƙe wa Baba ƙarshen katako, ni ne babban yatsana na hagu har yau ba ya lanƙwasawa sosai saboda zarton rumfar nan. Lokacin hutun rana na zauna a bakin gado da hotunan nan a hannu, abokin ɗakina ya shigo ya tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Daga nan shafi na biyu ne. Na rubuta a bayan ambulan cewa a karanta wa Baba shi, kuma da gaske nake. Ina so ya ji abin da magajinsa ya yi da sunan rumfarsa.

Na fara da zanen. Babu layi ɗaya miƙaƙƙe a cikinsa, kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda. Lambobin ma sai da na kai su bakin taga kafin in gane. A ce mai koyar da lissafi bai iya riƙe rula ba.

Hinjin dama ya sauka ƙasa da na hagu, ko a hoto ana gani, shi ya sa allon yake ɗingishi yake kuka. Gurbin da aka sassaƙa masa kamar ɓera ne ya ci. Cizal ya zame ya yage katakon har wuri biyu, aka cike da gam aka shafe da fenti, ana zaton ba za a gani ba. Sukuru shida ne a kowane hinji, huɗu sun shiga a karkace, kawunansu duk sun cinye saboda sukundireba tana zamewa. Na baƙin ƙarfe ne kuma, a jikin tagulla. Na ce sarƙa, aka sa igiya. Ruwan farko za ta saki, allon ya baje a kan ƙafar wani mai wucewa, a zo ana nemanki. Mariƙi ma babu, sai dai ki rungume shi kamar jariri.

Hinjin nan na san su. Sun fi shekara hamsin suna jiran aikin da ya dace da su, aka ƙare da su a hannun da bai san darajarsu ba. Wanda ya yi aikin nan ba kafinta ba ne. Hannunsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma wannan ba abin da ake koya wa mutum ba ne. Da ni na kawo wa Baba irin wannan ina ɗan shekara goma sha biyar, da a murhu zai ƙare. Shawarata, mai wannan hannu ya ajiye kayan aiki ya bar wa masu iyawa, kafin ya zubar wa gidanmu da mutunci a bakin titi.

Baba, ina gaishe ka. Ka duba allon da idonka, ka gaya mini in ƙarya na yi.

Ɗanka

Daga Yaya, bayan wata ɗaya

Auta,

Ina fatan kuna lafiya. Direba ya je sau biyu ya dawo mini hannu rabbana. Ya ce zuwan farko ya ga allon a bakin lungu, zuwa na biyu bai gan shi ba. Ya ce ya isar da gaisuwata kin ce kin ji, shi ke nan.

In Mai Alli ne yake fushi, ya yi haƙuri, amma gaskiya na faɗa. A rumfar Baba haka ake koyon aiki, ni ban taɓa samun wanda ya lallashe ni ba. In kuma igiyar ce ta saki kamar yadda na ce, ba sai an ɓoye mini ba, ba zan yi dariya ba. Shekaranjiya na hau tankin ruwa na kira wayarki har sau huɗu, tana shiga ba a ɗauka.

Me Baba ya ce? Shi kaɗai nake son ji.

Yayanki

Daga Auta

Yaya,

Lafiya muke, alhamdu lillahi, in lafiyar jiki kake tambaya. Na ga kiranka. Ban ɗauka ba don na san in na buɗe baki a lokacin zan faɗi abin da ƙanwa ba ta faɗa wa yayanta.

Malam bai zana komai ba. Bai sassaƙa gurbi ba, bai ɗaura sukuru ko ɗaya ba. Aikinsa riƙe katako, da miƙo abu, da tsinto sukurun da ya faɗi ƙasa. Zanen na Baba ne, kuma hinjin shi ya sa da hannunsa.

Hannun Baba yana rawa, Yaya. Ya fi shekara da farawa, na dama ya fi tsanani. Shi ya sa ya rufe rumfa, ba don aiki ya yi ƙaranci ba kamar yadda muka gaya maka. Shi ya sa ya daina sa maka layi a takarda, ya gwada sau biyu ya yaga. Likita ya ba shi magani, ya ce zai rage amma ba zai warke ba. Baba ya sa ni da Malam muka yi alkawarin ba za mu gaya maka ba. Ya ce kai ka fi kowa sanin hannunsa lokacin da yake hannu, yana so ya zauna a haka a wurinka. Yau na karya alkawarin, Allah ya yafe mini.

Kwana huɗu ya yi a kan hinji biyun nan. Malam ya roƙe shi ya bari ya ɗaura masa sukurun, ya ƙi. Noti da washa sun gagari yatsunsa, shi ya sa ya koma ga igiya. Ranar da allon ya buɗe ya tsaya da ƙafarsa, sai da Baba ya zauna a kan benci ya share ido, ya ce ƙura ce.

Takardarka ba ta same ni a gida ba, ina shago. Direba ya ga abin da ka rubuta a bayan ambulan, ya miƙa wa Baba hannu da hannu. Baba ya ba Malam ya ce ya karanta. Malam ya fara, da ya ga inda aka nufa sai ya riƙa tsallake layi yana ƙirƙiro gaisuwa, har ya ce wai ka ce fentin ya yi kyau. Baba ya ce shafi cike da rubutu ba ya ƙarewa a numfashi uku. Ya sa tabarau, ya shimfiɗa takardar a kan benci ya danne ta da guduma don ba ya iya riƙe ta tsaye, ya karanta da kansa har ƙarshe. Malam ya ce masa, "Baba, da ni yake, ba da kai ba." Baba ya ce, "Da mai hannun yake."

Daga ranar bai sake shiga rumfa ba. Ya sa Malam ya mayar da gwangwanin sama. Bayan kwana biyu ya ce in ɗauke allon daga titi, kada mutane su riƙa gani. Igiya ba ta saki ba, tana nan daram. Allon yana jingine a bayan ƙofar shago, masu shigowa kuma sun ɗauke ƙafa. Amma ba wannan ne ya fi tayar mini da hankali ba. Baba ya daina faɗa, Yaya. Jiya yara suka fasa masa kofi bai ce uffan ba.

Ni ma da laifina. Da ban aiko hotunan ba, da ban kawo maka maganar mai agogo don in tsokane ka ba. Amma kai da kake cewa ka san aikin Baba, ba ka ga yadda aka haɗa kusurwar firam ɗin ba? Wa yake haɗa kusurwa haka in ba shi ba? Kishi ya rufe maka ido, aibi kawai ka je nema, ka kuma samu.

Ka tambaya me Baba ya ce. To, ka ji.

Auta

Daga Yaya zuwa ga mijin Auta

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Auta da yara. Shekara tara kana auren ƙanwata, yau ce rana ta farko da na rubuta maka, kuma ka ga da abin da na zo.

Na sake ɗauko hotunan. Kusurwar tana nan, ta Baba ce, ko da hannu aka shafa za a gane. Tun da takardar Auta ta zo ban san me nake yi ba. Jiya na sa wa wata ƙofa hinji a ɓangaren da ba shi ba, injiniya ya tsaya yana kallona kamar bai san ni ba.

Na ci mutuncinka a takardar da aka sa ka karanta da bakinka, kai kuma ka tsaya kana rufa mini asiri. Ka yafe mini. Sunan da nake kiranka da shi ma na bari daga yau.

Amma ba zan yi maka ƙarya ba, kishin bai tafi ba, wuri ya canza. Da ina jin haushin an buɗe maka gwangwani. Yanzu abin da yake cina shi ne ka fi shekara kana ganin hannun ubana yana rawa, ni ina nan ina ƙirga ƙofofi ina jin kaina. Kai ka sani, Auta ta sani, wataƙila mai agogo ma ya sani. Ni kaɗai aka bari a waje, kuma ni na fi kowa ɓarna.

Ga ƙunshi na ba direba. Akwai sarƙa, da noti huɗu da washansu, da sukuru na tagulla, da mariƙi. Na je wurin shugaban aiki na nemi kwana biyar, ya ce sai an gama hawa na uku, sati shida ke nan. In na zo zan cike tsofaffin ramukan in daidaita hinjin, ba wanda zai gane an taɓa.

Ka karanta wa Baba wannan, kada ka tsallake komai. Baba, ban san naka ba ne. Da na sani, wallahi da ban rubuta ba. Ka yafe mini. In ka yarda, ka bar mini gyaran allon har in zo, shi kaɗai nake roƙo.

Yayan Auta

Daga Malam

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙunshi ya iso, komai cif. Tsakanina da kai babu komai wallahi. Sunan ma ka ci gaba da kira, ɗalibaina suna da wanda ya fi shi muni. Na karanta wa Baba takardarka ban tsallake ko wasali ba. Bayan kwana uku, yau da safe ya ce in ɗauko biro. Abin da ke ƙasa maganarsa ce, yadda ya faɗa haka na rubuta, har da inda ya taɓa ni.

Naka,
Malam

Ga maganar Baba:

"Ina gaishe ka. Ka ce da ka san nawa ne da ba ka rubuta ba. Wannan ita ce maganar banza ɗaya da ka yi. Hinji ya sauka, ko nawa ne ko na wani. Duk abin da ka lissafa haka yake, ban koya maka ƙarya ba. Ba aibin da ka gani ne ya ƙona mini rai ba, murnar da ka yi da ka gan shi ce.

Allo ba zai jira ka sati shida ba, yarinya tana zaune a lungu. Jiya na shiga rumfa na zauna a kujera, Malam ya ɗaura hinji da sarƙarka ina gaya masa. Ya ɓata sukuru uku, ya huda yatsa, amma allon ya tsaya da ƙafarsa huɗu, yana bakin titi yanzu haka. Ka ji haushi in ka ga dama.

An ce kana kishi da shi. Ka san abin da yake yi mini? Kullum kafin ya wuce makaranta yana biyowa ya ɓalla mini maɓallan riga. Shi yake yi mini aski, shi yake yanke mini farce. In zan sha shayi shi yake tallafe gindin kofin, yana kallon wani wuri kamar bai san yana riƙe ba. Ni kafinta bai yi mini wuya ba, a layin nan kaɗai akwai uku. In wannan aikin kake kishi, babu wanda ya hana ka. Ka zo ka karɓa."